Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u kuma aminin Sarkin Musulmi Bello

Wanda ya fito daga tsakiyar birnin Bauchi ya kama hanyar Gombe ba zai yi nisa ba zai iske Inkil. A yau gari ya faɗaɗa ya cim mata, ta koma kamar unguwa, amma a farkon ƙarni na 19 a nan ne Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yada zango bayan ya komo da tuta. Ya zauna wasu shekaru yana tara jama'a kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809. Mutanen ƙasar Bauchi sun san labarin Yakubu ciki da waje, sun kuma san ranar da ta fi ɗaukaka sunansa a idon sauran sarakuna, wato ranar da ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno a Fake, a farkon 1827, lokacin da Kano ke cikin zullumi. Sunan da ba a cika haɗawa da wannan labari ba shi ne na mutumin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko daga Sakkwato domin ya haɗa kan sarakunan gabas a cikin wannan tashin hankali. Sunansa na yanka Usmanu, amma duniya ta san shi da Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato.

Idan aka ambace shi a yau a gaban ɗalibai, sau da yawa sai an ƙara da cewa mijin Nana Asma'u ne kafin su gane wanda ake nufi. Sunan matarsa ya cika makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a faɗin Arewa, an fassara rubuce-rubucenta, ana nazarinsu a jami'o'in Ingila da Amurka. Shi kuwa ya koma wanda ake gabatarwa ta bakin matarsa. A ƙasashen da mace ke hawa gadon sarauta wannan matsayi sananne ne. Yarima Philip na Ingila, wanda ya rako Sarauniya Elizabeth Nijeriya a 1956 suka kalli hawan daba a Kaduna, ya shekara 69 yana tafiya a bayan matarsa har ya rasu a watan Afrilun 2021. Sakkwato ba ta taɓa yin sarauniya ba, Nana Asma'u kuma ba ta yi mulki ba. Amma 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarakunan Musulmi biyu, goggon wasu da suka biyo baya, kuma wanda ya aure ta ya shiga gidan da ba zai taɓa gadon sarautarsa ba, ya kuma ƙare rayuwarsa yana yi wa gidan hidima.

An haifi Giɗaɗo wajen shekarar 1776. Mahaifinsa Abubakar ne, wanda ake yi wa laƙabi da Sambo Laima, daga nan ne kuma ɗan ya samo ɗan Laima. Kalmar Giɗaɗo ta Fulatanci ce, tana nufin abin ƙauna. Ya tashi cikin jama'ar da ta taru a Degel a kewayen Shehu, inda karatu ne sana'ar kowa, manya da yara, maza da mata. A can ya ƙware a Larabci, a can kuma ya haɗu da Muhammadu Bello, wanda Giɗaɗo ya girme shi da kamar shekara biyar. Abotar da suka ƙulla tun suna samari ita ce ta tsara sauran rayuwarsa baki ɗaya. A wannan Degel ɗin ne Yakubu ɗan Dadi, Bageren da ya zo daga ƙasar Bauchi, ya yi shekaru yana karatu. Wannan ya sa manyan mutanen da suka riƙe daular daga baya ba baƙin juna ba ne. Da yawansu sun zauna a tabarma ɗaya suna almajirai kafin a fara kiran wani sarki, wani waziri.

Da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, Giɗaɗo yana cikin waɗanda suka tashi. Shekarun da suka biyo baya na wuya ne. An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yunin shekarar, aka sha kashi mai ciwo a Tsuntsuwa kafin shekarar ta fita, aka rasa malamai da mahaddata masu yawa, aka sake jigata a Alwasa a 1805. Yunwa da zazzaɓi sun ci mutane kamar yadda takobi ya ci. A cikin wannan hali, jama'a na zaune a Gwandu, aka ɗaura masa aure da Asma'u wajen 1807. An haife ta a 1793, saboda haka yarinya ce ƙarama a lokacin, shi kuma ya kai shekara talatin. Shehu ya ba da 'yarsa ga babban abokin ɗansa, abin da ya ɗaure abotar da igiyar surukuta. Shekara guda bayan nan, a 1808, Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa, a 1809 kuma Bello ya fara gina Sakkwato.

Ba a san Giɗaɗo da jarumtar fagen fama irin ta Aliyu Jeɗo ko Namoda ba, ko da yake ya halarci yaƙe-yaƙe. Baiwarsa tana wajen magana da tafiya da riƙe amana. Tun Shehu na da rai ake aikensa da wasiƙu, kuma yana cikin manzannin da suka yi zirga-zirga zuwa Barno a lokacin muhawarar nan tsakanin malaman Sakkwato da Shehu Laminu, wato Muhammadu al-Amin Elkanemi. Muhawarar ba ƙarama ba ce. Elkanemi yana tambayar hujjar da ta halatta yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci, Bello kuma yana mayar da amsa, kamar yadda ya tattara a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812. Wanda aka ɗora wa kai irin wannan saƙo dole ya iya kare abin da ke cikin takardar da bakinsa idan aka tsare shi da tambaya, ya kuma iya dawowa da labarin abin da idonsa ya gani. A wannan makaranta Giɗaɗo ya koyi aikin da zai yi daga baya.

Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilun 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a, shi kuma ya naɗa Giɗaɗo waziri. A zamanin Shehu, ƙaninsa Malam Abdullahi shi ne babban waziri, Bello kuma na biye da shi, wato muƙamin yana hannun 'yan gida, waɗanda kowannensu zai iya zama magaji. Bello ya fitar da shi daga wannan layi ya ba mutumin da ba jinin Shehu ba. Ko da gangan ya yi ko kuwa amincewa da aboki ce kawai ta ja shi, sakamakon ya zama babba. Waziri da ba shi da haƙƙin gadon sarauta ba ya zama abin tsoro ga mai sarauta, sarakunan nesa kuma suna iya buɗe masa ciki ba tare da fargabar cewa suna taimakon wani ɗan sarki a kan ɗan'uwansa ba.

Farkon mulkin Bello ya zo da rikici ta kowace kusurwa. Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, ya yi tawaye a Kware, dab da Sakkwato, aka murƙushe shi a farkon 1818. Tsakanin Bello da baffansa Abdullahi akwai sanyin jiki a kan gadon, bai kuma warware ba sai a Kalambaina, inda Bello ya kawo wa baffan nasa ɗauki suka sasanta. Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa sun ɗaga kai. A Kano, Sarki Sulaimanu ya rasu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo, Ɗan Tunku ya ƙi sallamawa, aka ɗauki shekaru ana gwabzawa. Daular da aka kafa da tuta da wa'azi ta iske kanta tana bukatar abin da zai riƙe ta bayan mai tutar ya tafi.

Abin da ya riƙe ta, a babban ɓangare, takarda ce da doki. Bello ya fi zama a ribaɗi, a Magariya da kuma Wurno daga baya, yana fuskantar Gobir. Sarakunan Kano da Zazzau da sauran na gabas suna da nisan makonni. Daga Kano zuwa Sakkwato tafiyar kusan mako uku ce ga ayari, kuma dole a keta dajin Gundumi, inda babu ruwa, mahara kuma ke kwanton ɓauna. A irin wannan nisa, Sarkin Musulmi ba zai iya sanin gaskiyar abin da ke faruwa a fadar wani sarki ba sai ta bakin wanda ya amince da shi. Gidan Waziri ne ke rubuta wasiƙu da karɓarsu. Waziri ne ke fita rangadi zuwa gabas, ya saurari ƙorafi, ya sasanta masu jayayya a kan iyaka ko gado, ya kai takardar naɗi idan sarki ya rasu, ya tabbatar an aiko da abin da ya wajaba a aiko Sakkwato. A takardun Larabci ana kiran mai wannan muƙami amirul masalihi, wato mai kula da maslahar jama'a. Ba shi da runduna tasa da za ta tilasta wa Kano ko Zazzau, domin kowace daga cikinsu ta fi shi dawaki. Ƙarfinsa shi ne kowa ya san maganarsa maganar Bello ce, kuma ba ya ƙara mata gishiri.

Hoto mafi kusa da ake da shi na Giɗaɗo a matsayin mutum ya fito ne daga alƙalamin baƙo. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya iso Sakkwato daga Kano ranar 16 ga Maris 1824, aka sauke shi a gidan Waziri, ya zauna har farkon watan Mayu. A littafin tafiyarsa ya siffanta mai masaukinsa da dattijo mai ladabi da sakin fuska, wanda Larabci ya zauna a bakinsa, kuma wanda Sarkin Musulmi ba ya yanke shawara sai da shi. Ya ga wani sabon masallaci da Waziri ke ginawa da dukiyarsa, ya zanta da maginin, wani Bazazzagi da ya ce mahaifinsa ya koyo gini a Masar. A cikin waɗannan makonni ne kuma agana ta kashe wani ɗan Waziri da yake ji da shi ƙwarai, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa masa. Clapperton ya je ta'aziyya, ya kuma rubuta yadda ya iske uban cikin baƙin ciki. Wannan ɗan gajeren bayani na baƙo yana cikin wurare ƙalilan da ake hango gidan Giɗaɗo a matsayin gida, da rashinsa da hawayensa, ba a matsayin ofis ba.

Ziyarar farko ta ƙare lafiya. Bello ya ba Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na huɗu, da taswirar ƙasar, aka yi maganar ciniki, da aiko jakada da likita, da hana fitar da bayi ta bakin teku. Batun bayi a nan yana bukatar a faɗe shi yadda yake. Tattalin arzikin daular ya dogara ƙwarai da aikin bayi, a gonaki da rumada da gidajen manya, gidan Waziri kuma ba a ware shi ba. Abin da aka tattauna da baƙon shi ne sayar da su ga Turawa a gaɓar teku, ba 'yanta na cikin gida ba.

Ziyara ta biyu ta zo a mummunan lokaci. Clapperton ya shigo ta Badagry a ƙarshen 1825, ya ratso ƙasar Yarabawa da Busa ya iso Kano, ya haɗu da Waziri a hanya, ya bi shi har sansanin Bello, inda ya ga harin da aka kai wa Gobirawa a Konya a watan Oktoban 1826. A cikin kayansa akwai wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, da zai kai wa Shehu Laminu, alhali Barno da Sakkwato sun shiga yaƙi. Babu mai mulkin da zai bar makami ya ratsa ƙasarsa zuwa hannun abokin gaba. Bello ya sa aka karɓe wasiƙar da kayan, kuma Waziri na cikin waɗanda aka ɗora wa isar da wannan hukunci ga mutumin da ya ci abinci a gidansa. Clapperton ya fusata, ya faɗi maganganu masu zafi, ya zargi fadar da saɓa alkawari. Giɗaɗo ya tsaya a kan umarnin Sarkin Musulmi, bai kuma yanke hulɗa da baƙon ba. A fadar ana ta raɗe-raɗin cewa Ingilishi sukan fara shigowa ne da ciniki da ziyara, daga baya su ci ƙasa kamar yadda suka yi a Indiya. Clapperton ya ɗauki wannan zance a matsayin sharrin fataken Larabawa masu tsoron rasa kasuwa. Ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye a bayan gari.

A tsakiyar wannan taƙaddama ne labari ya iso cewa rundunar Barno ta keto iyaka ta nufo Kano. Da Kano ta faɗi, da an raba daular gida biyu, an yanke Sakkwato daga Zazzau da Bauchi da Adamawa, an kuma toshe babbar kasuwar da arzikinta ke fitowa. Bello ba zai iya barin arewa ba saboda Gobirawa, sai ya tura Waziri gabas. Yakubu ya taso daga Bauchi da rundunarsa ya yi arewa, ya gamu da Shehu Laminu a Fake, aka yi kazamin faɗa, rundunar Barno ta juya gida ta bar kaya a baya. Nasarar ta Yakubu ce da mutanensa, babu mai ƙwace musu ita. Amma abin lura shi ne sarkin da ke Bauchi ya ɗauki barazanar da ke kan Kano a matsayin tasa, ya fito da jama'arsa ya tare ta. Irin wannan amsa kira ba ta samuwa sai an yi shekaru ana kiwon zumunci tsakanin fadoji, kuma wannan kiwon shi ne aikin Giɗaɗo na yau da kullum. Bayan Fake, Barno ba ta sake yunƙurin cin Kano da irin wannan runduna ba.

Duk wannan lokaci, a cikin gidansa wani aikin na daban yana tafiya. Nana Asma'u ta zama malama da ake sauraro, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa domin su isa ga talakawa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato dattawan mata da ake ba malfa da jan ƙyalle a matsayin alama, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Ilminta daga gidan ubanta ta samo shi, ba miji ne ya ba ta ba, kuma Shehu da kansa ya yi rubutu mai zafi a kan mazan da ke barin matansu cikin jahilci. Sai dai koyarwar malami daban, abin da miji zai yarda da shi a cikin gidansa daban. Ayarin mata daga karkara suna shiga gidan babban jami'in daula suna fita, matar gidan tana musayar wasiƙu da malamai, sunanta yana yawo a bakin mutane har ƙasashen yamma. Namiji mai ƙaramar zuciya da ya ga wannan a matsayin raini. Babu wata alama a tarihi cewa Giɗaɗo ya taɓa tsaya mata a hanya, kuma abin da suka yi tare daga baya ya nuna cewa yana ɗaukarta abokiyar aiki.

A 1836 Bello ya yi babbar nasararsa ta ƙarshe a Gawakuke, a kan haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Shekara guda bayan nan ya kwanta doguwar jinya a Wurno, ya rasu a watan Oktoban 1837, aka binne shi a can. Giɗaɗo ya rasa abokin fiye da shekara arba'in, Asma'u ta rasa yayan da ya fi kowa kusa da ita. A nan ne aka ga amfanin waziri da ba ya neman sarauta. Bello ya bar 'ya'ya manya, ya bar 'yan'uwa, kowa da magoya bayansa, kuma a ƙasashen Hausa kafin jihadi irin wannan gaɓa ce ke jawo zubar da jini. Waziri ne ke kan gaba a cikin masu zaɓe. Aka zaɓi Abubakar Atiku, ƙanin Bello, aka yi masa mubaya'a ba tare da yaƙi ba. Da son rai ake bi, da Giɗaɗo ya fi samun sauƙi a hannun ɗaya daga cikin 'ya'yan amininsa, waɗanda suka tashi a gabansa.

Masana tarihi sun nuna cewa jininsa da na Atiku bai haɗu sosai ba. Atiku mutum ne mai tsanani da kaɗaici, yana da mutanensa da ya fi sakewa da su. Giɗaɗo bai yi jayayya ba, bai kuma tara ƙungiya ba. Ya ja jiki daga yawan zirga-zirgar fada, ɗansa Abdulƙadir ya riƙa ɗaukar nauyin da yawa, shi kuma ya koma ga alƙalami.

Wannan ja da baya shi ne ya haifar da abin da ya fi daɗewa a cikin ayyukansa. Mutanen da suka ga Shehu da idonsu suna ta ƙarewa, waɗanda aka haifa bayan hijira sun zama manya, labarai sun fara cakuɗewa. Giɗaɗo ya zauna ya rubuta abin da ya sani. A Raudul Jinan ya tattara labarin Shehu da karamominsa, ya kuma jera sunayen matansa da 'ya'yansa da almajiransa da maƙwabtansa da masu yi masa hidima, har waɗanda ba don shi ba da babu mai tuna su. A Alkashfu wal Bayan, wanda ya rubuta a 1838, ya ba da labarin Bello, halayensa da ayyukansa da kwanakinsa na ƙarshe. A daidai wannan lokaci Asma'u tana zuba tarihin guda a cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, domin waɗanda ba su iya Larabci ba. Shi yana rubuta wa malamai, ita tana rubuta wa masu haddacewa su rera a tsakar gida. Wanda ya karanta ayyukan biyu zai ga suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar an zauna an raba aikin.

Wajibi ne mai karatu ya san da wane ido aka rubuta waɗannan littattafai. Giɗaɗo ba ɗan kallo ba ne, masoyi ne, kuma yana rubutu ne a lokacin da ake jayayya a kan gadon Bello na ruhi. Alhaji Umaru Futi, babban malamin Tijjaniyya, ya zauna shekaru a Sakkwato, ya auri 'yar Bello, ya tashi bayan rasuwarsa, kuma an yi ta maganar ko Bello ya karɓi ɗarikarsa. Gidan Waziri ya tsaya a kan cewa Bello ya rayu ya rasu a kan Ƙadiriyyar mahaifinsa. Haka nan a sauran al'amura, Bellon da ke cikin littattafan Giɗaɗo shi ne Bellon da amininsa ya gani. Abdussalami da Gobirawa da sauran waɗanda suka sha kaye ba su sami marubuci irinsa a ɓangarensu ba. Wannan bai rage darajar abin da ya rubuta ba, amma yana nufin cewa yawancin abin da ake karantarwa a yau game da farkon daular ya biyo ta ƙofar gida ɗaya.

Atiku ya rasu a 1842 a kan hanyar dawowa daga yaƙin Tsibiri, aka naɗa Aliyu Babba ɗan Bello. A wannan shekara Giɗaɗo ya sauka daga wazirci bayan shekara 25, ya bar wa Abdulƙadir, ɗansa da Nana Asma'u. Sabon Sarkin Musulmi da sabon Waziri 'yan'uwa ne, ɗan wa da ɗan ƙanwa. Ba a saba ganin mai babban muƙami ya ajiye shi da ransa da lafiyarsa ba, a wancan zamani ko a wannan. Ya yi sauran shekarunsa a Sakkwato, tsoho mai fiye da shekara saba'in, ɗaya daga cikin na ƙarshe da suka san Degel. Yakubun Bauchi ya riga shi tafiya a 1845. Shi kuma ya rasu wajen 1850, Allah ya jiƙansa.

Nana Asma'u ta yi masa marsiya da Fulatanci, kamar yadda ta yi wa Bello. Abubuwan da ta zaɓa ta yabe shi da su suna nuna yadda ta san shi. Ba ta tsaya a kan yaƙi ko girman muƙami ba. Ta ambaci karɓar baƙi da kula da mabukata, da riƙon zumuncin iyalan Shehu, da tsayuwarsa a kan gyaran masallaci da ƙofofin gari da hubbare, da amincinsa ga Bello. Ayyuka ne na mai gyara abin da wasu suka gina domin kada ya rushe. Ta rayu bayansa har 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu.

Wazirci ya zauna a zuriyarsa, waɗanda ake kira Giɗaɗawa, sunan da unguwarsu a Sakkwato ke ɗauke da shi har yau. Bayan Abdulƙadir, wanda ya riƙe muƙamin har 1859, Ibrahim Halilu da Abdullahi Bayero sun biyo baya, sannan jikansa Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ya karɓa a 1886. A kan Buhari ne zancen da aka yi a fada a zamanin Clapperton ya tabbata. Sojojin Birtaniya sun shiga Bauchi a 1902, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar. Waziri Buhari ya tsaya tsakanin bin sa da komawa ga mutanen da aka bari a gari ba shugaba. Ya shawarci malamai, ya koma Sakkwato ya yi sulhu da Turawa, daga baya kuma ya rubuta risala yana bayyana wa ma'abota ilmi dalilinsa da irin damuwar da ta dame shi a kan wannan zaɓi.

Ɗan Buhari, Waziri Junaidu, ya riƙe muƙamin daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya kuma adana takardun gidan, da wasiƙun sarakuna, da rubuce-rubucen kakanninsa biyu. A ɗakin karatunsa Murray Last ya zauna ya yi binciken da ya zama littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967, wanda babban ɓangarensa tarihin wazirai ne. A wurinsa kuma Jean Boyd ta sami yawancin waƙoƙin Nana Asma'u, ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Marsiyar da ta yi wa Giɗaɗo tana cikin wannan tari.